Famfon Motar Malam Balarabe

Wannan famfon gas ɗin ma bai hau ba. Ramukan noti sun saɓa, da ƙyar saɓanin ya kai faɗin yatsa. Ja'afar ya mayar da shi buhu, ya zauna a gindin motar shi kaɗai.

Tsohuwar motar soja ce. Mahaifinsa, marigayi Malam Balarabe, ya saye ta a gwanjo, ya yi ta jigilar masara da ita tsakanin Doguwa da Tudun Wada har ƙarfinsa ya ƙare. Tun rasuwarsa take kafe a ƙofar gida, ba taya, kaji na saka ƙwai a mazaunin direba.

Ja'afar ya rantse sai motar ta tashi tun mahaifiyarsa Inna na da rai, jikin tsohuwar kuwa kullum baya yake yi. Mutanen gari, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce uwarsa na kwance shi yana jinyar ƙarfe. Abokan hira suka janye. Abin dariyar ma, bai taɓa tambayar kuɗin taya ba, shi dai inji.

In ya dawo gida, Inna takan tarbe shi da fara'a, ta dube shi ido cikin ido. "Sannu da zuwa, Ja'afar. Ka ci abinci kuwa, Ja'afar?" Sai ya amsa a gajarce ya fice kamar an kore shi. Wannan fara'ar ta fi komai ci masa rai.

Ya zaga 'yan gwangwan na Kwanar Ɗangora, ya leƙa garejojin Kiru da Bebeji, yana fito da tsohon famfon ana gwadawa. Wani bakanike ya ce masa irin wannan sai dai a lahira.

A wani ƙauye bayan Falgore kunnensa ya tsinci ƙarar da ya sani tun yana yaro. Injin niƙa ne, daga jikin irin motar aka ciro shi, kuma mai niƙan na da mataccen ɗan'uwansa a bayan rumfa. Ja'afar ya bar masa babur ɗinsa, ya taho da famfon mataccen injin a ka.

Famfon ya hau daram. Bayan la'asar injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama ruri har bango na rawa. Ja'afar ya bar shi yana ci, ya ruga cikin gida, ya durƙusa a bakin ƙofar Inna.

Ta ɗaga kai, ta kasa kunne. Can sai ta dube shi, ta yi sauri ta ja mayafi, ta kau da fuska.

"Kai, wannan," ta ce, "tashi ka buɗe wa babanku ƙyaure."

Ja'afar ya fashe da kukan daɗi. Shi ne ɗan farinta, uwa kuwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, amma tun da ciwon mantuwa ya kama Inna take ɗaukarsa baƙo tana kiran sunansa, sai yau ta gane shi.