Zakara Mai Ido Ɗaya

"Ku maishe shi inda ya fito!" Kumandan Sanda ya daka tsawa, yana nuna jan zakaran da ke ɗaure a ƙofar buro, wato ofishinsa.

Shekarar samun mulkin kai ce. Nasara ya tafi, Sanda ya hau kujera a Gidan Rumji, ya rantse shi da ma'aikatansa ba mai cin gaisuwar talaka.

Duk safiya sai ga zakara daga wani maigari na wajen Gidan Sori, a tura ma'aikaci ya mayar. Abin mamaki, har kokawa suke yi kan wannan aike. Albashi bai ƙaru ba, amma Ɗan Azumi ɗan aike ya yi kumatu, sauran duk sun aje tumbi. Kumandan kuwa wandonsa sai zamewa yake.

Ran nan ya ƙura wa zakaran ido. "Kai Ɗan Azumi, wannan ba na jiya ba ne? Ga shi da ido ɗaya!"

Ɗan Azumi ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, shi ne tun damina. In mun kai, maigari ya ce kyauta ba ta komawa gida, baƙo kuma ba ya tashi da yunwa. A dama muna fura, a yanka muna kaji biyu, sannan a haɗo mu da zakaran."

Cikin Kumandan ya yi ƙugi. Ya ƙara ɗaure tazuge, ya cusa zakaran a hammata.

"Taurin kan maigarin nan ya yi yawa. Yau da kaina zan maishe shi."