Huɗubar Minti Bakwai

Minti bakwai kacal Liman Almustapha ya yi ya sauko daga mumbari. Ya ja salla da gajerun surori, yana sallamewa ya zari buta ya yi bayan masallaci da sassarfa.

Mutumin da a da sai ya kwashe awa guda yana huɗuba, mu kuwa muna gasuwa a rana! Nan da nan labari ya kai Yasore da Wagini, babura suka riƙa cika ƙauyenmu kowace Juma'a.

"Ga malamin da ya san tausayin jama'a," in ji Ɗan'auta mai shago.

'Yarsa Mahfuza ce ta ɓata mana shiri. Ta ga mahaifinta na ramewa, ya sha ruwa ya zaga, ya dawo ya sake sha. Ta kafe sai da aka kai shi asibiti a Batsari.

"Allah gafarta Malam, suga ne ya yi yawa a jininka," in ji likita. "Ƙoda ke zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki su fita tare."

Malam ya kama magani, ya bar zaƙi, ya murmure. Juma'ar da ya dawo, awa ɗaya da rabi ya yi yana gode wa Allah.

Bayan la'asar muka yi ayari zuwa yi masa barka. Ɗan'auta ya durƙusa, ya dire kiret biyu na lemo a gabansa.

"Allah gafarta Malam, a jiƙa maƙoshi kafin Juma'a mai zuwa."