Ranar da Ruwa Ya Dawo New Bell

Kibiyar da ke kan allon kwamfutar da yake kula da ita a ma'aikatar ruwa ta motsa, alhali hannuwansa biyu suna kan cinyarsa. Yana ji yana gani, wani da bai san daga ina yake ba ya kashe injin zuba maganin tsabtace ruwa, ya buɗe wa ɗanyen ruwan kogi hanya zuwa bututun gari.

Tun bara yake faɗa a taron ma'aikatar ruwan cewa lambar sirrin kwamfutar nan ita ce dai wadda 'yan kwangila suka bari. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya sha shayi, ya yanke cewa babu mai taɓa babban famfon rufe ruwan gari sai shugaban ma'aikatar, aka kuma miƙa masa makullin ɗakin famfon.

Ya kira shugaban, waya a kashe. Yana otal, wajen taron bita kan tsaron intanet. Mataimakinsa ya ce wannan ba huruminsa ba ne.

Sai ya kira gida, unguwar New Bell, inda famfo ya daɗe ba ya fitar da komai sai iska.

"Inna, ki saurare ni, kada kowa ya..."

Guɗa ta danne muryarsa.

"Ɗan nan, ruwa ya dawo! Mun cika randa da jarkoki, masallaci ma sun cika tanki. Yaranka sun sha sun ƙoshi. Duk layin nan na gaya musu aikinka ne. Allah Ya yi maka albarka!"

A bayanta ya ji maƙwabta sun haɗa baki: "Amin!"