Sabon Gidan Barde

Katangar sabon gidan Barde ba ta wuce gwiwar mutum ba. Maniru ya auna ta da sandarsa har sau biyu, ya tambayi birkila ko za a ƙara bulo. Birkila ya ce haka aka zana masa a takarda.

Barde zaki ne, ko a ce abin da shekara goma sha bakwai a keji ta rage na zaki. Marigayi Alhaji Umar ne ya sayo shi yana ɗan ƙarami, lokacin da ya gina gidan namun dajinsa a bakin titi, tsakanin Bodinga da Shagari. Tun daga ranar Maniru ya bar wa ƙannensa gonar albasa a Lambara, ya koma mai kula da shi. Kejin taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance. Burin Maniru bai da yawa: ya ga Barde ya taka ƙasa, ba siminti ba, kafin ɗayansu ya mutu.

Da Alhaji ya rasu, ɗansa Mansur ya dawo daga ƙasar waje da digiri biyu da tausayin dabbobi mai yawan gaske. Ya tara ma'aikata a gindin dogonyaro, ya ce zamanin keji ya wuce. Za a yi fili, da duwatsu, da rumfa. Yara za su ga zaki ba ƙarfe a tsakani.

Maniru ya rusuna. "Ranka shi daɗe, Barde hwa ya tsuhwa. Na ji ana ta rage ciyarwa. Kar dai a saishe shi."

"Haba Baba Maniru," in ji Mansur. "Don shi za a yi ginin. Ba shi ƙara kwana keji, kuma ba ka ƙara ganin ya rame."

Maniru ya yi godiya har sai da aka ɗaga shi.

Aka kawo wani ƙwararre daga kudu, mai ƙaramar jaka da awon tela a wuya. Bai tambayi abin da Barde ke ci ba. Ya dai zagaya kejin, ya ɗauki hoto ta kowane gefe, ya yi tsaki da ya ga inda gashi ya zube a kafaɗa. Ya ce wata uku ya ba su, a gyara jikin.

Wata ukun nan Maniru bai taɓa jin daɗin aiki kamar su ba. Mahauci ya daina kawo ƙashi da tumbi, ya koma kawo cinya. Maniru ya naɗe ƙarafan kejin da tsofaffin buhuna don kada Barde ya ƙara gogar kafaɗa. Kullum da hantsi yakan zura hannu ya taje masa geza, yana ba shi labarin filin da ake gina masa. Gashi ya tsiro, jiki ya murje. Har direbobin da ke wucewa suka fara tsayawa.

Ƙwararren ya dawo, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya sa tafinta ya tambayi Maniru yadda Barde ke tsayuwa in yana cikin nishaɗi. Maniru ya durƙusa a ƙasa, ya miƙa hannu ɗaya gaba, ya ɗaga kai. Ma'aikata suka yi dariya. Ƙwararren bai yi ba, ya ɗauki hoto.

Saura a kai dabbobin asibiti, a duba su kafin su tare. Kuraye da jimina ba su ba da wahala ba. Barde kuwa ya shinshina naman da aka cusa wa magani ya kau da kai. Sau uku ana jefa masa.

"Baba, kai kaɗai ya yarda da kai," in ji Mansur. "Na barci ne, don hanya."

Maniru ya karɓa, ya yi bisimilla, ya kira shi da sunansa. Barde ya zo ya ci a hannunsa, ya lashe masa yatsu. Bai daɗe ba ya kwanta.

Mako shida gidan ba gurnani. Maniru ya share sabon filin, ya tsince ƙayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna wa Mansur cewa an manta da kwamin ruwa. Mansur ya ce yana sane.

Ranar buɗewa Maniru ya iso da sassafe, ana kafa rumfunan baƙi. Daga ƙofa ya hango shi. Barde na tsaye a kan dutse, ƙafa ɗaya gaba, kai sama, geza na sheƙi, ba ƙarfe ko ɗaya a kewayensa. Maniru ya yar da sanda.

"Barde! Barde na Alhaji!"

Bai waigo ba. Maniru bai yi mamaki ba. Ko lokacin da ya je biki a Mandera ya kwana biyu, yini guda Barde ya yi bai dube shi ba, balle yanzu mako shida.

"Yi haƙuri," ya ce, yana matsawa. "Ba ni na ƙi zuwa ba, ba a hwaɗa min asibitin ba."

Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka katanga, sai Mansur ya dafa shi ta baya, fuska a sake, ya danƙa masa buroshi da tsumma sabbi fil.

"Aikinka na nan, Baba, ya ma yi sauƙi. Ka dinga goge shi safe da marece, ka bi idanun a hankali, na gilashi ne. Ƙwararren nan da ya ɗinke shi ma ya ce a gaishe ka da aiki, bai taɓa feɗe fata mai kyau irin wagga ba."