Faifai a Madubin Trotro

Ranar da ta fita takaba, wani haske ya soki idonta a cikin trotro, ƙaramar bas ta haya. Ta ɗaga kai.

Tana cikin takabar ta aika aka sayo mata na'urar ɗura bidiyo a faifai. Rabin kuɗi mai shago ya karɓa, har da godiya, ba ta tambayi dalili ba. Ta jona ta da tsohuwar kwamfutar gida, ta yi ta ɗura karatun Alƙur'anin mijinta, ladanin masallacinsu na unguwar Maamobi. Kowane faifai da hannunta ta rubuta sunan marigayin a kai. Ranar addu'ar arba'in ta raba, kowa ya karɓa hannu biyu.

Yanzu ga ɗaya nan rataye a madubin direba, yana lilo.

"Ɗana, ka saurara kuwa?"

Direban ya waiwayo, ya gane ta, ya rage murya. "Maama, wa ke da abin kunna faifai yanzu? Duk layinmu babu. Don albarka na rataye shi."

Ta gyaɗa kai. Har Kasuwar Malam Atta idonta na kan faifan, muryar mijinta na juyawa cikin rana, shiru.