Kunnen Baba

Matso kusa ka ji abin da Baba ya yi mini ina 'yar shekara tara. Ƙarar injinan masana'anta ta cinye masa kunne, amma bai fasa haɗa 'yan rokokinsa na wasa masu tashi sama a unguwarmu ta Sulay ba. Wata Juma'a ya harba ɗaya a bayan gari, iska ta tafi da ita. A cikinta akwai 'yar na'ura mai aiko da ƙara ta rediyo, ƙit, ƙit. Ya ɗaga eriya, ya maƙala mini abin ji.

"Uwata, ke ce kunnena. Ta ina ta fi ƙarfi?"

Ni da ko bakala, ɗan kantin unguwa, ba na son zuwa. Yashi ya cika takalmina, maƙogwaro ya bushe. Sai na nuna wajen motarmu, inda ƙarar ke mutuwa. Ya biyo ni har bakin mota, ya dube ni.

"Ashe rokar ma ƙishirwa take ji."

Ya ba ni ruwa, ya ce, "Yalla, mu koma." Tafiya ta zama biyu kafin mu tsinto ta. Har yau haushi nake ji, ko tsawa bai yi mini ba. Kai fa, da tsawa da wannan tafiyar, wanne za ka zaɓa?