Layi Ɗari Biyar da Sha Tara

Sai da Begga ta kai layi na ɗari huɗu sannan ta tuna kofinta ya huce tun ɗazu. Ta shanye shi a haka, ta mayar da ido kan madubin bincike.

Shekara talatin ke nan tana wannan aiki, ƙirga shekarun kumbar teku. Halitta ce mai ɓawo biyu da ke kwance cikin laka a ƙasan ruwanmu na Iceland, kowace shekara ta ƙara siririn layi ɗaya a ɓawonta. Ba ta gaggawa, tsufa kuma kamar ya manta da ita, don naman mai shekara ɗari uku bai bambanta sosai da na mai talatin ba. Wannan sirrin Begga ke nema, kuma sai a jikin mai rai ake samunsa. Ɓawo shekaru kawai yake iya faɗa.

Wannan ɓawon ba jirgin bincike ne ya kawo shi ba. Mako uku da suka wuce aka binne mahaifinta, Ketill, a ƙauyensu na masunta. Ta je, ta tsaya, ta sha kofi da masu gaisuwa, ta dawo Akureyri, garin da take aiki, ko ɗigon hawaye babu. Bayan nan yayanta Torfi ya share rumfar jirgin tsohon, ya aiko mata da kwali guda na tarkace: ƙananan ɓawo birjik, da wasu ƙasusuwan ƙafar tumaki, sai babban ɓawo ɗaya naɗe cikin 'yar safar ulu, da ɗigon jan fenti a bayansa. Ta jefar da safar, ta kankare fentin, ta sa zarto.

Ɗari huɗu da sittin.

A zamanin Ketill, da naman kumba ake ɗana wa kifi ƙugiya. A tono su daga laka, a ɓare da wuƙa, a watsar wa yara ɓawon. Begga na da shekara ashirin da biyar, ilimi yana mata zafi a ka, ta faɗa masa a gaban baƙi cewa yana yanka abin da ya girmi cocin garinsu don ya kama kifin kwana ɗaya. Ta ce jahilci ne. Tsohon ya dube ta, ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da shafa man shanu a busasshen kifinsa. Magana zarar bunu ce. Daga ranar zuwanta gida ya koma na Kirsimeti, daga baya na waya, daga baya ma wayar sai Torfi ya matsa.

Ɗari biyar da sha tara, layin ƙarshe.

Ta sake ƙirgawa, bai canja ba. A duk rayuwarta ba ta taɓa riƙe wadda ta kai wannan ba. Ita ce ta yi ta bin jirage tana nema, ta ƙi aure sau biyu a kanta, ta bar uba ya tsufa ba ta gani ba. Ga ta nan a tafin hannu, busasshiya, babu ko ɓurɓushin nama. Ya kamata ta ji wani abu, murna ko baƙin ciki. Ba ta ji komai ba, sai ƙafarta da ta yi sanyi.

Ta gwada faɗin layukan ƙarshe da na sauran ɓawon da ta sani, ta gano shekarar mutuwar: 1968, lokacin da ƙanƙara ta toshe bakin ruwan ƙauyensu. Wato dai Ketill ne ya ɓare ta. Ta yi gaskiya ke nan tun farko, kuma hakan ya ɗan sauƙaƙa mata. Idan ta yi gaskiya, to, shekarun da ta ƙaurace masa ba zalunci ba ne.

Saura a cike takarda: inda aka tono, da wanda ya tono. Ta kira Torfi.

"A'a, Farfesa da kanta! Wa ya sake mutuwa?"

"Yaya, babban ɓawon nan na cikin kwali. A ina Baba ya tono shi?"

"Mai jan fenti? Bayan tsibiri mana. Ina cikin jirgin ranar, hannuna kamar zai guntule don sanyi."

"Shekararta ɗari biyar da sha tara. Ya ɓare ta don ƙugiya."

Ta ji kukan tsuntsaye daga can gefensa.

"Wace ƙugiya? Ke Begga, karatun nan ya cinye miki kai. Baba bai taɓa ɓare manya ba, mayar da su ruwa yake. Cewa yake tsoho ba ya yanka tsoho."

"To, wannan fa?"

"Wai da gaske ba ki gane garkenki na wasa tun kina yarinya ba? Ƙasusuwan dawakinki ne, ƙananan ɓawon shanunki. Shekara hamsin yana ajiye da su, ko taɓawa ba ya bari a yi."

Ta dubi kwandon shara, inda 'yar safar take kwance. Ba za ta shiga ƙafar babba ba.

"Babbar kuwa," in ji Torfi, "a bokiti ya kawo ta don ki gani kawai, zai mayar da ita da safe. Kika kwanta a ƙasa kina birgima, wai ke sai an ba ki babbar saniya, har ya gaji ya ɗauko wuƙa."